Katafilar Haƙa: Yadda Ɗaurin Sarƙa Ke Cinye Jarin Mai Mota Da Kuɗin Mai Haya

Duk wanda ya saba bin hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, ko ya ratsa ƙauyukan mazaɓar Unguwar Ya bayan ɗaukewar damina, ya san katafilar haƙa ta daina zama baƙuwa a kudancin Jigawa. Ga wata a kududdufi tana loda jar ƙasa, ga wata a gindin dutse tana cika tifa, ga wata a bakin rafi ana ɗibar yashi. Jifa-jifa kuma sai ka tarar da wata ta karkace ana tsaka da aiki, sarƙarta ta zame ta kwanta a gefe, direba da yaransa sun kewaye ta da sandunan ƙarfe, tifofi sun yi layi suna jira. Wanda ya yi hayarta yana can gefe da waya a kunne, yana lissafin kuɗin yinin da ya riga ya biya.

A irin wannan hali akan ɗora wa direba laifi, ko a ce sarƙa ce ta tsufa. Sau da yawa kuwa tushen matsalar wani ƙarfe ne da ke ɓoye cikin firam ɗin ƙafar motar, wanda makanikai ke kira ajasta, wato na'urar da ke ɗaure sarƙa ta kuma sassauta ta. Kula da ita ba ta wuce giris na 'yan kuɗi da minti goma na safiya ba. Sakaci da ita yana cinye miliyoyin Naira, gyara ta da ganganci kuma yana iya cin rai.

Maganar ta shafi ɗan kasuwar da ya tattara jarinsa ya sayi katafila 'yar kwatano don ya riƙa ba da haya, ta shafi ɗan kwangilar da ke biyan kuɗin haya kullum, ta kuma shafi ma'aikacin sashen ayyuka da ke sa hannu a takardar biyan kuɗin gyara alhali bai taɓa leƙa ƙarƙashin motar ba. Akwai kuma lokacin da tsayawar katafila ke wuce batun asarar kuɗi. Mutanen Gwaram ba su manta da watan Agustan 2021 ba, lokacin da ruwa ya karya gada a Radabi kan hanyar Basirka, mota ta faɗa ciki, mutum 21 suka rasu. Aikin gaggawa na cike hanyar da ruwa ya yanka ko buɗe magudanar da ta toshe a tsakiyar damina yake tasowa, cikin taɓo, kuma a daidai wannan yanayi ne sarƙar katafila ta fi ba da wahala.

Yadda abin yake a ciki

Sunan katafila ya samo asali daga kamfanin Caterpillar na Amurka, wanda aka kafa a 1925, amma a bakin Bahaushe ya zama sunan duk motar da ke tafiya a kan sarƙa, ko ta Komatsu ce ko Hitachi ko Hyundai ko SANY. Duk da bambancin suna da launin fenti, ƙirar ƙafarsu kusan ɗaya ce. A baya akwai ƙafa mai haƙora, wadda injin ke juyawa ta ja sarƙa. A gaba akwai wata babbar ƙafa marar haƙora da ake kira aidila, wadda ba ta jan komai, aikinta riƙe sarƙa a kan hanya. A ƙasa akwai jerin roloji da ke ɗauke da nauyin motar, a sama kuma guda biyu da ke tallafe sarƙar kada ta faɗo kan firam.

Ƙafa mai haƙora a kafe take wuri ɗaya. Aidila kuwa tana zamewa gaba da baya cikin wata hanya da aka yi mata a firam. A bayanta ne ajasta take, kuma abu biyu ne a haɗe. Na farko silinda ce mai fistin a ciki, wadda ake cikawa da giris ta wani ɗan bawul da ke bayan ƙaramin murfi a gefen firam. Idan aka buga giris, sai fistin ya fito ya tura aidila gaba, sarƙa ta ɗaure. Idan aka sassauta bawul giris ya fita, aidila ta ja baya, sarƙa ta saki. Na biyu kuma wani ƙaton sifirin ne mai kaurin damtsen yaro, wanda aka danne shi tun daga masana'anta aka ɗaure da sandar ƙarfe da noti.

Mutane da yawa, har da wasu direbobi, suna ɗauka sifirin ɗin ne ke ɗaure sarƙa. Ba haka ba ne. Giris ne ke ɗaurewa. Aikin sifirin shanye bugu ne: idan aidila ta daki dutse, ko tsakuwa ta shiga tsakanin haƙora da sarƙa, sai ya ƙara matsewa kaɗan, aidila ta ja baya, abin ya wuce, ya dawo da ita wurinta. Ba don shi ba, duk wannan bugu a kan fil-fil na sarƙa da giyar tafiya zai sauka. A katafila mai nauyin tan 20, irin Caterpillar 320 ko Komatsu PC200 da suka fi yawa a wuraren aiki na ƙasar nan, ƙarfin da aka danne wannan sifirin da shi ya haura tan 10. A riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Kuskuren da ba a gani

Kowa yana tsoron sarƙa mai sako-sako, domin laifinta a fili yake. Tana kaɗawa tana dukan firam, haƙora suna tsallake ta, idan aka juya a kan gangare ko a kan dutse sai ta fita. Direban da sarƙa ta taɓa fitar masa sau ɗaya, ya sha rana da faɗan maigida, daga ranar zai riƙa buga giris har sai sarƙa ta miƙe ɗam kamar tsirkiyar baka. A ganinsa ya yi maganin abin.

A nan ne babbar asarar take, domin sarƙar da aka ɗaure fiye da kima ba ta nuna alama a rana ɗaya. Kowace gaɓa ta sarƙa tana juyawa ne a kan fil da ke cikin bush. Idan aka ja ta da ƙarfi, duk motsin da ta yi sai fil da bush su goga juna da matsi mai yawa, ga ƙura da yashi a tsakani suna aikin dutsen wasa wuƙa. Matsin nan bai tsaya nan ba. Yana kan haƙoran baya, yana kan bush ɗin aidila, yana kan boris da sil na giyar tafiya, wadda tana cikin kayan da suka fi tsada a motar gaba ɗaya. Injin kuma sai ya ƙara shan man gas kafin ya ja ƙafar. Bayan 'yan watanni sai mai mota ya ga kayan ƙafa sun cinye tun ba su kai rabin kwanansu ba, ya zargi mai sayar da kaya cewa ya sayar masa da jabu. Masu ƙera waɗannan motoci sukan ce a buldoza kayan ƙafa kaɗai na iya lashe kusan rabin kuɗin gyara na tsawon rayuwar motar. A katafilar haƙa, wadda ba ta yawan tafiya, kason bai kai haka ba, amma ya isa ya mayar da ribar shekara asara.

Saboda haka sarƙa mai lafiya dole ta ɗan yi ciki. Tambayar ita ce ciki nawa, kuma amsar ba a ido take ba, a littafin motar take. Caterpillar ta tsara cewa a samfurin 320 a tuƙa motar gaba kaɗan, a tsaya, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ko katako a saman sarƙa daga aidila zuwa rolar sama, a auna inda ratar ta fi zurfi: milimita 40 zuwa 55. A sababbin samfuran Komatsu PC200 irin wannan awo ake yi, amma adadin milimita 10 ne zuwa 30. Hitachi kuwa a ZX200 wata hanyar ta bi: a juya gidan motar gefe, a dafa bokiti a ƙasa a ɗaga ƙafa ɗaya, a sa waigi a ƙarƙashin firam, a juya sarƙar baya da gaba, sannan a auna daga ƙasan firam zuwa bayan farantin sarƙa a tsakiya: milimita 300 zuwa 335. Wannan bambanci ya isa ya nuna cewa makaniken da ya saba da mota ɗaya, idan ya auna wata da ido, zai iya yin kuskure da zuciya ɗaya. Littafin ba ya wuyar samu yanzu, akwai shi a intanet, kuma shafin da ake bukata ɗaya ne tak. A buga shi a manna a cikin gidan direba.

Ƙasa uku a tafiyar awa guda

Abin da ya sa wannan batu ya fi tsanani a Birnin Kudu da Gwaram shi ne yanayin ƙasar. Yanki ne na duwatsu, ga su nan a Birnin Kudu inda Dutsen Habude da Dutsen Mesa masu tsofaffin zane-zane suke, ga su ta wajen Fagam da Farin Dutse. Tsakanin duwatsun akwai jigawa mai rairayi, akwai kuma fadamu masu laka a gefen Kogin Bunga, wanda a gaba ake kira Kogin Jama'are, da ƙananan rafukan da ke zuba cikinsa. Katafilar haya tana iya kwana a kwari tana loda dutse ranar Litinin, Laraba tana yashi, Juma'a tana haƙa tafkin kifi ko magudanar ruwa a fadama. Ɗaurin da ya yi daidai a wuri na farko ba zai yi daidai a na uku ba.

Dalilin shi ne laka tana cushewa. Tana shiga tsakanin haƙora, tana manne wa aidila da roloji, tana cika gaɓoɓin sarƙa. Duk abin da ya ƙaru a jikin haƙora da aidila ya ƙara musu faɗi ke nan, sarƙar da ke zagaye su kuma tsawonta bai ƙaru ba, don haka sai ta ɗaure da kanta ba tare da an buga ko ɗigon giris ba. Motar da aka daidaita a busasshiyar ƙasa da safe, kafin azahar a fadama ta zama ɗaurarriya. Alamar ita ce wata ƙara mai kama da harbi da ake ji jifa-jifa idan tana tafiya, lokacin da sifirin ya matse har ƙarshe sarƙa ta tsallake haƙori ta koma. Wannan ne ya sa masu ƙera motocin suka ce a auna sarƙa a wurin da za ta yi aiki, bayan ta ɗan yi tafiya a cikinsa, kuma idan ƙasa mai cushewa ce kada a wanke lakar kafin a auna. A daidaita ta da lakar a jiki. Idan an koma tudu, lakar ta zube, sai a sake aunawa a ƙara giris.

Wanki kuma yana da lokacinsa, wato bayan an tashi aiki. Lakar fadama idan ta kwana ta bushe, musamman da hunturu, kamar siminti take zama. Tana hana rolar sama juyawa, sarƙa ta riƙa gogar ta har ta yi mata fage a gefe ɗaya. Tana toshe hanyar da aidila ke zamewa. Tana manne wa sandar fistin, ta riƙe danshi, tsatsa ta kama. Yaron mota da shebur da sandar ƙarfe ya isa wannan aiki, matuƙar an kashe injin an ajiye bokiti a ƙasa.

Sauran abin da ke wahalar da ajasta daga hannun direba yake fitowa: doguwar tafiya a kan sarƙa don a tsimi kuɗin babbar motar ɗaukar katafila, yawan tafiya da baya, juyi a wuri ɗaya a kan duwatsu, da aiki a karkace a gefen gangare. Ƙa'idar ita ce a yi tafiya aidila tana gaba, a kuma yi haƙa ta gefen aidila, domin can ne sifirin yake da zai shanye bugu.

Idan ta fara ba da alama

Ajasta ba ta mutuwa farat ɗaya. Alama ta farko da aka fi gani ita ce a buga giris yau, sarƙa ta ɗaure, gobe ko jibi a tarar ta saki. Giris ba ya ƙonewa, ba ya ƙafewa, idan ya ragu to wani wuri ya bi. A buɗe murfin gefe a haska fitila. Idan giris yana tsattsafowa ta bakin bawul, matsalar ƙarama ce, bawul ɗin ne ko wasarsa, kuma canza shi ba ya bukatar a kwance sarƙa. Idan kuwa an ga dunƙulen giris a cikin firam ta wajen sandar fistin, to sil ya mutu. Galibi robar da ke share ƙura a bakin silinda ce ke fara lalacewa, yashi ya samu hanya, ya karce sandar, sandar ta yayyage sil na ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Alama ta biyu akasin wannan ce: ana buga giris famfo ya yi tauri, aidila ba ta motsa ba. Ko dai kan bawul ya toshe, ko busasshiyar laka ta riƙe aidila, ko fistin ya yi tsatsa ya kafe. Wannan ya fi samun motocin da suka daɗe a ajiye, irin waɗanda ake gani a harabar ma'aikatu sun shekara biyu ko uku ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu ana jiran a saki kuɗin gyara. Kafin kuɗin su fito, gyaran da ake jira ya haifi wasu.

Akwai kuma dalili na huɗu da ke hana aidila motsi, wanda ba laifin ajasta ba ne: ta kai ƙarshen tafiyarta. Sarƙa tana ƙara tsawo yayin da fil da bush ke cinyewa. A motar tan 20 tsawon kowace gaɓa milimita 190 ne tana sabuwa, gaɓoɓin kuma tsakanin 45 zuwa 49 ne a kowane gefe. Idan kowace gaɓa ta ci milimita 3 kacal, sarƙa mai gaɓa 49 ta ƙaru da kusan santimita 15, aidila kuma sai ta matsa gaba da rabin wannan kafin ta ɗaure ta. Wata rana za ta kai bakin firam, daga nan duk giris ɗin da aka ƙara fasa sil kawai zai yi. Ana gane wannan da awo mai sauƙi: gaɓa huɗu na sabuwar sarƙa milimita 760 ne, abin da ya ƙaru a kai shi ne cin da ta yi. Dabarar da aka saba yi a nan ita ce a cire gaɓa ɗaya a sake haɗawa. Tana fitar da mutum daga daji, ba a musu, amma ba gyara ba ne, domin sauran gaɓoɓin suna nan da tsawonsu da ya daina dacewa da haƙora, za su ci gaba da fiƙe su har su zama kamar ƙaya. Wanda ya cire gaɓa ya fara tara kuɗin sarƙa da haƙora tun daga ranar.

Idan kuwa sarƙa ta saki gaba ɗaya lokaci guda, tana yawan fita ko an ɗaure ta, ana kuma jin aidila tana bugawa, a yi zargin sifirin ya karye ko sandar da ke riƙe da shi ta tsinke. Motar da ke wannan hali tsayar da ita ake yi.

Inda ake rasa ido da rai

Mai faci yana sa wa tayar ƙaramar mota iska 32 ko 35 a ma'auninsa. Famfon giris na hannu yana iya kai 6,000 zuwa 10,000 a wannan ma'auni. Giris ɗin da ke cikin silindar ajasta a matse yake da nauyin sarƙa da turin sifirin a bayansa, kuma abin da ya tare shi ɗan bawul ne da bai fi babban yatsa ba. Littattafan Caterpillar da Komatsu duk sun yi gargaɗi iri ɗaya: idan za a sassauta sarƙa, a kwance bawul zagaye ɗaya kawai, a hankali, kada a wuce. An yi masa wata 'yar hanya da giris zai fito ta gefe da zarar an sassauta. Idan aka ci gaba da kwancewa har zaren ya ƙare, bawul ɗin zai fito ne kamar harsashi, kuma fuskar mai kwancewa ce a gabansa. Haka nan ba a taɓa ɗan kan da ake buga giris ta cikinsa, jikin bawul ake kamawa da sifana.

Kuskuren da aka fi yi shi ne idan an sassauta giris bai fito ba, sai mutum ya kai ido bakin ramin ya leƙa, ko ya ƙara kwancewa. Abin da ya dace a tsaya a gefe, a sa direba ya motsa motar gaba da baya kaɗan, a riƙa kallon sarƙar ana gani ko ta fara saki. Idan duk da haka ta ƙi, aikin ya wuce na bakin daji, a mayar da bawul a ɗaure a nemo wanda ya san kan abin.

Giris mai irin wannan matsi yana huda fata. Raunin yakan yi kama da sukar allura, da farko ma ba ya zafi sosai, sai a ɗaure da tsumma a ci gaba da aiki. A ciki kuwa giris ya bi jijiyoyin yatsa ya bazu, yana kashe nama. Likitoci suna ɗaukar wannan a matsayin abin da ke bukatar tiyata cikin sa'o'i kaɗan, jinkiri kan kai ga yanke yatsa ko hannu. Wanda abin ya same shi a wannan yanki ya nufi babban asibiti kai tsaye, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan a Birnin Kudu, ya kuma faɗa wa likita a fili cewa giris ne mai matsi ya shiga, kada a ɗauka ƙaramin yanka ne a wanke a sallame shi.

Sai sifirin mai tan 10 da muka ambata. Canza sil ba ya bukatar a taɓa shi. Ana fitar da giris, a raba sarƙa a wurin babban fil ɗinta, a zaro aidila da ajasta gaba ɗaya da abin ɗaga kaya, a cire fistin, a wanke silinda, a duba sandar, a sa sababbin robobi duka saiti guda, a mayar. Sifirin yana nan a ɗaure da notinsa. Kwance wannan noti aikin babban injin matsa ƙarfe ne mai keji, wanda ke riƙe sifirin ya sake shi a hankali. Ba a yin sa da jek ɗin tirela da sarƙar ɗaure kaya, ba a dukan notin da guduma, ba a gasa shi da wuta, ba a kai masa walda. Ko ɗaukarsa za a yi, kada kowa ya tsaya a saitin bakinsa, domin sandar da ta yi tsatsa tana iya tsinkewa ba tare da ta ba da sanarwa ba. Wannan gargaɗi ya kamata ya kai ga 'yan gwangwan, waɗanda ke sayen matattun kayan katafila su yanka da wutar gas. Tsohuwar ajasta da ta shekara goma a juji ƙarfinta yana nan a ciki. Mai motar da zai sayar da ita a kilo, hakki ne a kansa ya faɗa wa mai saye abin da ke ciki.

Wajen sayen kaya, yawancin masu motoci a Jigawa Kano suke nufa, kasuwar Ƙofar Ruwa ko dilolin manyan injuna, abin da ba a samu ba a aiko da shi daga Legas. Saitin sil ba shi da tsada idan aka kwatanta da wahalar kwance sarƙa, saboda haka neman mafi araha a nan wauta ce, araha ba ta ado. A tafi da lambar motar da tsohon sil a hannu. Kuma sabon sil a kan sandar da tsatsa ta rarake kwana kaɗan zai yi. A shafa sandar da farce, idan farcen yana maƙalewa to ita ma sai an canza ta ko an sake mata rufi. Takardar gyara da aka rubuta canjin sil sau uku a ƙafa ɗaya cikin shekara guda, ya kamata jami'in da ke duba ta ya tambayi halin da sandar take ciki kafin ya sa hannu.

Ga mai haya, abin da ya fi amfani shi ne a rubuta a yarjejeniya wa ke ɗaukar asarar sa'o'in da mota ta tsaya saboda sarƙa, a kuma tabbatar ta zo da famfon giris da sifanar da ta dace da bawul. Abin mamaki ne yawan motocin miliyoyin Naira da ake kaiwa ƙauye mai nisan kilomita 30 daga kwalta ba tare da waɗannan biyun ba.

Mai niyyar sayen katafila 'yar kwatano kuwa, kafin fenti da sanyin gidan direba su ɗauke masa hankali, ya durƙusa a gaban kowace ƙafa ya dubi inda aidila ta tsaya. Idan ta fito har kusan bakin firam, sarƙar ta kusa ƙarewa ko da an ɗaure ta ta yi kyau a ido. Ya ƙirga gaɓoɓin gefen dama da na hagu, idan ba su zo ɗaya ba an taɓa cire wata. Ya buɗe murfin bawul ya ga ko akwai sabon giris a warwatse, ya taɓa haƙoran baya ya ji ko sun yi tsini. Sannan ya nemi a bar motar ta kwana a inda take, ya dawo da safe da ma'auninsa ya sake auna cikin sarƙar kafin a yi maganar farashi.